Sun Iya Rubuta Shi, Amma Suna Jin Sa? Matsalar Sauraron Turanci A Azuzuwan Nukkai

Idan Bahaushe zai tambayi mutum ko ya san wani harshe, ba ya tambayarsa ko ya iya rubuta shi, ko kuwa ya haddace nahawunsa. Cewa yake yi, "Kana jin Fillanci?" ko "Kana jin Larabci?" Watau a wurinsa sanin harshe daga kunne yake farawa, wanda kuwa ba ya ji, to, bai sani ba ke nan, ko da ya cika littafi da rubutu. Da a ce da wannan ma'auni za a auna yaran da ke koyon Turanci a makarantun Nukkai, da ma sauran unguwannin Jalingo, da iyaye da yawa sun sha mamaki. Akwai yaron da zai kai aji shida na firamare, littattafansa cike da Turanci mai kyan gani, amma idan baƙo ya tsaya gabansa ya jera masa jimla biyu, sai ya sunkuyar da kai.

Nukkai unguwa ce a bakin garin Jalingo, a kan hanyar da ta nufi Wukari, daura da gadar kogin Lamurde, wadda ambaliya ta karya a daminar 2005 har aka yi asarar rayuka. Tun daga ran 27 ga watan Agusta na 1991, sa'ad da aka yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo hedkwata, unguwar ba ta daina bunƙasa ba. Ga Mumuye da Kona da Fulani, ga Hausawa da Jukunawa da Tibi da Wurkun da sauran kabilu, kowa da harshensa, Hausa kuwa ita ce ke haɗa su a kasuwa da tasha. Yaro ɗan shekara bakwai a wannan wuri yakan ji harshen gidansu, ya ji Hausa, ya tsinci ɗan Fillanci wajen maƙwabta, ya kuma tsinci Turancin buroka a bakin titi. Ba wanda ya taɓa kafa masa allo a kan ko ɗaya daga cikinsu. Da kunne ya kwashe su duka. To, me ya sa Turancin makaranta kaɗai, wanda ake zama musamman a koya masa kwana biyar a mako, shi ne ke gagarar kunnensa?

Duk wanda ya tsaya a bayan tagar aji na ɗan lokaci zai ga rabin amsar da idonsa. Malami ya shigo, ya juya wa yara baya, ya cika baƙin allo da rubutu, yara su duƙufa suna kwafa. Idan ya gama ya karanta musu sau ɗaya, su maimaita a bayansa da ƙarfi kamar masu amshi, sa'an nan ya ce, "Do you understand?" Aji duka ya ɗauka, "Yes, sir!" Wannan amsa ba ta nuna komai sai ladabi. Yaron da ya fahimta da wanda bai fahimta ba duk murya ɗaya suke bayarwa, malami kuwa ya wuce zuwa darasi na gaba da zaton aiki ya yi kyau.

Abin ya ƙara zama na gaggawa saboda sauyin da aka samu a manufar gwamnati. Tun daga Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, ƙa'ida ita ce a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci. A watan Nuwamba na 2022 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a tsawaita wannan zuwa shekara shida. Amma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya bayyana a Abuja cewa an soke tsarin, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin farko har jami'a. Masana harsuna da dama sun soki matakin, kuma suna da hujjoji masu ƙarfi. Sai dai ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, ma'anarsa ga yaron Nukkai guda ce: lissafi da kimiyya da tarihi duk ta kunne za su shiga masa, cikin harshen da ba a koya masa saurarensa ba. Wanda bai ji bayanin malami ba, ba Turanci kaɗai zai faɗi ba.

KUNNE BA SHI DA LAIFI

Malamai da yawa sukan ɗauka sauraro baiwa ce, ko kuwa hali ne na natsuwa, shi ya sa maganinsu bai wuce tsawa da bulala ba. Alhali kuwa sauraro aiki ne mai wuya ainun, ya ma fi karatu wuya ta wata fuskar. Mai karatu yana iya tsayawa, ya koma baya, ya duba ƙamus. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Mai magana da Turanci yakan furta kalmomi kimanin 150 a minti guda, kuma ba ya barin fili tsakaninsu kamar yadda ake bari a takarda. Idan yaro ya tsaya yana tunanin kalma ɗaya, kafin ya dawo goma sun wuce shi.

Daɗin daɗawa, kunnen kowane mutum harshensa na farko ne ya horar da shi. Hausa tana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, da tagwaye biyu, watau "ai" da "au". Turancin Ingila kuwa yana da wasula 20 da baƙaƙe 24, jimla sautuka 44. Bahaushe ba ya rarrabe "p" da "f" a harshensa, don haka "pan" da "fan" abu ɗaya ne a kunnensa har sai an nuna masa. Ba shi da "v", ba shi da sautin farkon "think", shi ya sa yakan ji shi kamar "sink". Kuma Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, sai ta cusa wasali tsakaninsu, kamar yadda ta yi wa burodi da direba. Bafillace ba shi da matsalar "p" da "f", domin harshensa ya raba su, amma yana da nasa wuraren tuntuɓe, haka Bamumuye da Bajukune. Ke nan a aji ɗaya na Nukkai malami yana fuskantar kunnuwa iri huɗu ko biyar, littafin da ke hannunsa kuwa bai san da ko ɗaya ba.

Amma kada a ɗauka kunnen nan mai rauni ne. Yaron da ke rarrabe "gari" na zama da "gari" na tuwo, ko "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye, ba tare da wata alama a rubuce ba, sai tsawon wasali da hawa da saukar murya, lalle yana da kunne mai kaifi. A makarantar allo da ta Islamiyya malam yakan biya, yaro ya saurara ya mayar, har ya rarrabe haruffan Larabcin da babu su a harshensa. A majami'u ma yara sukan kwashe waƙoƙi masu baiti da yawa ba tare da takarda ba. Ko tatsuniya ba ta farawa sai masu sauraro sun ce ta zo su ji ta. Al'ummar ta san yadda ake horar da kunne tun kaka da kakanni; ajin Turanci ne kawai ya bar wannan gado a bakin ƙofa.

Babban abin da ya fi rikita yara ma ba baƙaƙen ba ne, a'a, yadda Turanci ke danna wata gaɓa ya haɗiye wata ne. Bambancin "thirteen" da "thirty", watau 13 da 30, yawancinsa a wurin da aka danna murya yake. Ƙananan kalmomi irin su "of" da "to" da "and" kuwa, waɗanda yaro ya saba ganinsu a allo cikakku, a bakin mai magana sukan narke su kusa ɓacewa. Yaro ya san kalmar sarai a rubuce, amma idan ta zo masa ta iska ba ya gane ta, kamar mutumin da ya san hoton wani bai taɓa jin muryarsa ba.

Sa'an nan ga ɗakin karatun kansa. A shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 1999, hayaniyar da ke cikin aji lokacin darasi bai kamata ta wuce desibel 35 ba, alhali maganar mutum ta yau da kullum, daga nisan mita guda, takan kai kimanin 60, kuma tana raguwa da kowane taku da aka ja da baya. A makarantar da ke bakin babbar hanya, ga manyan motoci, ga Keke Napep, ga ajin da ke maƙwabtaka yana nasa amshin. Idan damina ta kankama a Agusta da Satumba, ruwa ya sauka a kan rufin kwano marar silin, ko na benci na biyu ba ya jin malami. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san yadda azuzuwan gwamnati suke a birane. A 2023 Gwamna Agbu Kefas ya mai da ilmin firamare da sakandare kyauta a Jihar Taraba, yara suka yi ta tururuwa zuwa makaranta. Wannan abin farin ciki ne ƙwarai, sai dai kowane sabon benci da aka ƙara a bayan aji, ƙarin yara ne da muryar malami ba ta isa gare su sosai.

JARRABAWAR SAUTI BA TARE DA SAUTI BA

Manhajar Turanci ta ilmin bai-ɗaya, wadda hukumar NERDC ta tsara, ta sa sauraro da magana cikin abubuwan da za a koyar, tare da karatu da rubutu. Me ya sa malamai ke tsallake su? Dalili shi ne malami abin da za a tambayi ɗalibinsa a jarrabawa yake koyarwa, kuma ba za a ga laifinsa sosai ba.

Bisa manhajar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, takarda ta uku ta Turanci tambayoyi 60 ne da ake amsawa cikin minti 45. Ɗaliban Gana da Gambiya da Saliyo saurare suke yi, a kunna musu murya su amsa abin da suka ji. Amma ɗaliban Nijeriya da Laberiya a takarda ake ba su. Za a ja layi a ƙarƙashin wani harafi, ko a buga wata alamar sauti, a ce ɗalibi ya zaɓi kalmar da ta yi daidai da ita daga cikin huɗu. Zauren jarrabawa tsit, ba wanda ya furta, ba wanda ya ji. Yaro mai ƙwaƙwalwa yana iya haddace alamomin nan ya ci maki mai yawa, alhali bai taɓa jin yadda sautukan suke ba. Ana iya fahimtar uzurin hukuma, domin raba na'urar sauti ga dubban cibiyoyi a ƙasar da lantarki ba shi da tabbas ba ƙaramin aiki ba ne. Amma uzurin ya daɗe, kuma maƙwabtan da suka iya yi ba su fi Nijeriya arziki ba.

Bashin kuwa daga baya ake biyan sa. Ɗalibin da ya shiga Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, zai tarar lacca ake yi, ba mai rubuta masa komai a allo. Wanda ya nemi aikin jinya ko karatu a ƙasashen waje zai gamu da jarrabawar IELTS, inda ake kunna magana sau ɗaya tak, a yi tambayoyi 40 a kanta. Tun cikin shekarun 1920 wani mai bincike a Amurka, Paul Rankin, ya gano cewa sama da kashi 40 cikin 100 na lokacin da baligi ke ɓatarwa wajen ma'amala da harshe a sauraro yake tafiya, rubutu kuwa shi ne mafi ƙanƙanta. Makaranta ta kifar da wannan lissafi, ta ba rubutu kaso mafi tsoka.

ABIN DA BA YA BUKATAR KUƊI

Abin da ke da daɗin ji shi ne, mafi yawan dabarun koyar da sauraro ba sa bukatar ɗakin na'urori. A shekarun 1960 wani malamin jami'a a Kalifoniya, James Asher, ya lura cewa jariri yakan daɗe yana ji yana aikatawa kafin ya fara magana, sai ya gina hanyar koyarwa a kan haka. Malami ya ba da umurni da Turanci, ya aikata tare da yara: ku tashi, ku taɓa kunnen hagu, ku ɗora littafi a ka. Bayan 'yan kwanaki ya daina aikatawa, ya bar su su yi, ya kuma riƙa sauya jerin umurnin yana tsawaita shi. Amfanin wannan a aji mai yara da yawa shi ne, nan take malami ke ganin wanda ya ji da wanda ke satar kallon na kusa da shi. Idan ya ce su rufe ido, ƙarya ta ƙare. Haka za a yi da sautuka masu kama da juna: wanda ya ji "pan" ya ɗaga hannun dama, wanda ya ji "fan" ya ɗaga na hagu. Idan aka riƙe 'yar takarda a gaban leɓe ma yara za su ga yadda iskar "p" ke buge ta farat ɗaya. Minti biyar kowace safiya ya fi darasi guda mai tsawo a ƙarshen zango.

Ga manyan azuzuwa kuwa, labari ne makami. Sai dai akwai bambanci tsakanin gwada sauraro da koyar da shi, kamar yadda masanin nan na Ingila, John Field, ya jaddada a littafinsa na 2008. Malamin da ya karanta labari, ya yi tambaya, ya ce wannan ya ci wancan ya faɗi, gwaji ya yi. Wanda ya faɗi bai san inda ya ɓata ba, gobe ma nan zai sake ɓata. Mai koyarwa kuwa, kafin ya fara sai ya gabatar da kalmomi uku ko huɗu da labarin ya rataya a kansu, ya ba da tambaya guda mai sauƙi, misali su wa ke cikin labarin. Ya karanta da saurin magana na sosai, ba yana jan kowace kalma ba. A karo na biyu ya nemi ƙananan bayanai, nawa aka sayi akuyar, yaushe motar ta tashi. A karo na uku, wanda shi ne zuciyar darasin, ya tsaya daidai inda yara suka rikice, ya maimaita wannan gutsuren sau da yawa, ya tambaye su kalmomi nawa suka ji, sa'an nan ya rubuta a allo su ga abin da ya wuce su. A nan ne kunne da ido ke gamuwa. Kuma ya fi kyau labarin ya zama na gida, na kasuwa da gona da hanyar Wukari, domin yaron da ya san yadda ciniki ke gudana yana iya cike giɓin abin da bai ji ba.

Akwai wata ɗabi'a da ta kamata malamai su duba, ko da yake da kyakkyawar niyya ake yin ta. Malami ya faɗi jimla da Turanci, kafin ya rufe baki ya fassara ta da Hausa. Yara ba wawaye ba ne. Cikin mako guda za su gane cewa Hausar na nan tafe, sai su rufe kunne su jira ta. Ba a ce a kori Hausa daga aji ba, kuma tarar da wasu makarantu ke ci wa yaro don ya yi harshensu ba ta haifar da komai sai aji mai shiru da tsoro. Wurin Hausa shi ne kafin a fara, don a share fage, da bayan an gama, don yaro ya faɗi abin da ya fahimta. A tsakiya kuwa a bar kunne ya yi aikinsa. Haka nan batun haƙuri. A 1972 wata mai bincike Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta nuna cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kimanin daƙiƙa guda bayan sun yi tambaya, kuma idan suka jira daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. Wannan ga yaran da Turanci ne harshensu ke nan, balle wanda sai ya juya tambayar a ransa tukuna.

Ya kamata kuma yara su riƙa jin wata murya ban da ta malaminsu, domin wanda ya saba da bakin mutum ɗaya, ranar da ya gamu da Bayarabe ko mutumin Kalaba sai ya koma baƙo. A da sai an nemi rikoda da kaset da batur. Yau wayar hannu da ƙaramar sifika mai caji sun isa. Malami na iya ɗaukar labaran Turanci na gidan rediyon jiha, ko muryar abokin aikinsa, ya kunna a aji. Rediyo ma ya taɓa nuna abin da zai iya. A farkon shekarun 1980 an gwada a Kenya koyar da Turanci ga aji ɗaya zuwa uku ta rediyo, darasin rabin sa'a kowace rana, mai gabatarwa yana yin shiru don yara su amsa ko su aikata, kuma yaran da suka bi shirin sun fi takwarorinsu, musamman wajen sauraro. An yi irin wannan a jihohin Kano da Nasarawa da Legas a ƙarƙashin shirin COMPASS tsakanin 2004 da 2009. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, jihohi da yawa sun koma ga rediyo, amma da aka buɗe sai aka mai da shi gefe.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba shi ne, a cikin kowane babban aji ba a rasa yaron da kunnensa ne ke ciwo, ko yana zubar da ruwa, ko zazzaɓi ya taɓa masa ji, ana ta kiransa daƙiƙi. Malami na iya tsayawa a bayansa ya raɗa lambobi ya ce ya maimaita. Idan ya kasa, a dawo da shi gaba, a kuma shaida wa iyayensa su kai shi asibiti.

Duk wannan ya rataya ne a kan malamin da shi kansa aka koya masa. Yawancin malaman da ke aji yau ta hanyar allo da kwafa suka koyi nasu Turancin, don haka Kwalejin Ilmi ta Zing da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, su ne wuraren da gyara zai fara. Batun jarrabawa kuwa, ba dole ne Taraba ta jira WAEC ba. Jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare a makarantun jiha a hannun Ma'aikatar Ilmi ta Jiha take, haka jarrabawar ƙarshen zango a hannun hedimastoci. Ana iya ware minti goma a ciki, mai sa ido ya karanta gajeren labari sau biyu da murya, yara su amsa tambayoyi goma, a kuma lissafa makin cikin sakamako.